LABARAN BAN TSORO: Wa Ke Buɗe Wa Dodo Ƙofa?

Mutane da yawa waɗanda suka taɓa jin sunan Frankenstein, ko a majigi ko a bakin abokai, suna ɗauka sunan wani dodo ne mai ɗinkakkiyar fuska da ke yawo cikin dare yana shaƙe mutane. Amma duk wanda ya zauna ya karanta littafin da kansa zai tarar cewa dodon ba shi da suna ko kaɗan. Frankenstein sunan ɗalibin da ya haɗa shi ne, wani saurayi ɗan gidan mutunci daga birnin Janiba na ƙasar Suwizalan, wanda ya tafi jami'a a Jamus ya ƙware a ilmin kimiyya, ya harhaɗa wata halitta da hannunsa. Da halittar ta buɗe ido ya ga muninta, sai ya zura a guje, ya bar ta ba uwa ba uba.

Wannan ruɗanin suna yana nuna yadda akan karanta irin waɗannan littattafai a gurguje. Ido yakan tsaya a kan dodo, a manta da mutumin da ya jawo shi. Alhali kuwa idan aka bi manyan littattafan ban tsoro, tun daga na dā har zuwa na yau, za a ga kusan dukansu tambaya guda suke yi, wato wa ya buɗe ƙofa? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai karatun da ya iya neman tsagar bangon shi ne ke cin moriyar littafin, sauran kuwa faɗuwar gaba kurum suke samu.

DARE GUDA A BAKIN TAFKI

Babu al'ummar da ba ta da labaran dare. Duk yaron da ya tashi a ƙasar Hausa ya san Dodo tun daga bakin kakarsa, kuma ko a tatsuniya Dodo bai cika samun sa'a ba sai a kan yarinyar da ta ƙi jin maganar iyaye, ko wadda ta raina samarin garinsu ta bi baƙo don kyaunsa. Amma rubutaccen labarin ban tsoro, irin wanda ake bugawa a sayar, masana adabi sukan ɗauko tarihinsa daga shekarar 1764, lokacin da wani Bature ɗan majalisar Ingila mai suna Horace Walpole ya fitar da The Castle of Otranto. Da farko ma ɓoye sunansa ya yi, ya ce wai fassarar wani tsohon rubutun Italiya ce. Sai da ya ga littafin ya karɓu sa'an nan ya amsa cewa shi ya ƙaga shi.

Bayan shekara hamsin da 'yan kai aka yi abin da ya kafa wannan fanni da gindinsa. A watan Afirilu na 1815 wani dutse mai aman wuta da ake kira Tambora ya fashe a Indunusiya, tokarsa ta bazu a sararin samaniya. Shekarar da ta biyo baya Turai ba ta ga bazarar kirki ba, sai sanyi da ruwan sama, amfanin gona ya lalace, aka yi yunwa a wurare da dama. A cikin watan Yuni na 1816 ruwan nan ya tsare waɗansu matasa 'yan Ingila a wani gida a bakin tafkin Janiba. A cikinsu akwai mawaƙa biyu, Lord Byron da Percy Shelley, da likitan Byron mai suna John Polidori, da wata budurwa 'yar shekara 18, Mary Godwin, wadda daga baya ta zama Mary Shelley. Da suka gaji da karanta labaran fatalwa na Jamusawa, sai Byron ya ce kowa ya rubuta nasa.

Mawaƙan biyu, duk da shahararsu, ba su kammala kome ba. Likitan ne ya fitar da The Vampyre a 1819, labarin wani basarake mai shan jinin mutane. Budurwar kuwa ita ta rubuta Frankenstein, wanda aka buga a watan Janairu na 1818, kwafi 500 kacal, kuma ba a sa sunanta ba.

Ba daga sama labarin ya faɗo mata ba. Mahaifiyarta ta rasu 'yan kwanaki bayan haihuwarta, ita ma kuma jaririyarta ta fari ta rasu a 1815. Ga shi a zamanin ana ta maganar gwaje-gwajen lantarki. Wani masani ɗan Italiya, Luigi Galvani, ya nuna cewa ƙafar mataccen kwaɗo tana motsi idan lantarki ya taɓa ta, sa'an nan a 1803 ɗan 'yar'uwarsa, Giovanni Aldini, ya gwada haka a Landan a kan gawar wani da aka rataye, har muƙamuƙinta ya motsa, ido guda ya buɗe. Saboda haka masu karatu na lokacin ba su ɗauki tayar da gawa a ɗakin gwaje-gwaje abu mai nisa ba.

Abin lura a littafin shi ne halittar ba da mugunta ta fara ba. Ta ɓuya kusa da bukkar waɗansu talakawa, ta koyi magana da karatu ta hanyar saurarensu, har tana yi musu itace da dare. Ko'ina ta nuna fuskarta sai jifa da duka. Bayan haka ne ta kashe ƙanen Frankenstein. Aka kama wata yarinya mai aikin gidansu, aka yanke mata hukuncin kisa, shi kuwa yana zaune a kotu, ya san wanda ya yi kisan, ya yi gum don kada a ce ya haukace. Wannan shirun ya fi fuskar dodon ban tsoro, domin kowane mai riƙe da amana ya san ranar da faɗin gaskiya ke da tsada.

LIKITA MAI ƘOFA BIYU, DA LAUYA MAI TAKARDU

A Amurka, Edgar Allan Poe, wanda ya rasu a 1849 yana da shekara 40, ya ɗauke dodo daga kango ya mayar da shi cikin ƙirjin mutum. A gajeren labarinsa The Tell-Tale Heart na 1843, wani ya kashe tsohon da suke zaune tare, ya ɓoye gawar a ƙarƙashin katakon daɓen ɗaki. 'Yan sanda suka zo, suka duba, ba su ga kome ba, suka zauna suna hira. Shi kuwa sai ya riƙa jin kamar bugun zuciyar mamacin yana tashi daga ƙasa, yana ƙaruwa, har ya kasa daurewa ya tona kansa da bakinsa.

Robert Louis Stevenson, ɗan Sikotilan, ya ɗora a kan haka da labarin Dakta Jekyll da Malam Hyde a 1886. Jekyll likita ne mai daraja a Landan, amma yana da sha'awoyin da ba ya son a gani. Sai ya haɗa wani magani wanda in ya sha zai rikiɗe ya zama wani mutum dabam, ya fita ta ƙofar baya ya yi abin da ya ga dama, da safe ya koma likitan kirki mai shiga ta ƙofar gaba. Da farko shi ke zaɓen lokacin rikiɗa. Daga baya sai ya wayi gari ya ga ya zama Hyde ba tare da ya sha kome ba, kuma maganin komawa ya ƙare. Duk wanda ya taɓa ganin mutum mai fuska guda a ofis da wata a bayan gari ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan labari.

Ma'aikatan gwamnati za su so su san cewa marubucin Dracula nasu ne. Bram Stoker, wanda aka haifa a Dabilin ta ƙasar Ailan a 1847, ya yi shekaru yana aikin gwamnati, har ya rubuta littafin jagora ga akawunan ƙananan kotuna wanda aka buga a 1879. Hannun akawun ya nuna a Dracula, wanda ya fito a 1897. Babu mai ba da labari guda a cikinsa. An tsara shi kamar fayil ne: ga wasiƙu, ga kundin da mutane ke rubuta abin da ya same su kullum, ga saƙon waya, ga yankan jarida, ga littafin kyaftin ɗin jirgin ruwa. Mai karatu yakan ji kamar shaidu yake dubawa, shi ya sa abin da hankali ba zai ɗauka ba yake zama kamar gaskiya.

Stoker bai taɓa taka yankin Transylvania ba, wanda yau ke cikin ƙasar Rumaniya, amma can ya ajiye basarakensa mai shan jini. To, yaya wannan mugun ya iso Ingila? Wani matashin lauya ne, Jonathan Harker, ya yi tafiya har gidansa ya kai masa takardun sayen gida a kusa da Landan, kome bisa doka. Jirgin ruwa ya ɗauko masa akwatuna 50 na ƙasar kabarinsa a matsayin kaya. Bugu da ƙari, littafin ya bayyana cewa ba ya iya shiga gida a karon farko sai wani na cikin gidan ya ce masa ya shigo. Da ɗan gari akan ci gari.

FARGABA DA RAZANA

Wata marubuciya 'yar Ingila, Ann Radcliffe, ta bambanta tsoro iri biyu a wata maƙala da aka buga a 1826, bayan rasuwarta. Akwai fargabar abin da ba a gani ba tukuna, wadda ke farkar da hankali, akwai kuma razanar ganin mummunan abu ƙuru-ƙuru, wadda ke daskarar da mutum. Gwanayen marubuta sun fi dogara da ta farko, kuma babu misalin da ya kai The Monkey's Paw na W. W. Jacobs, wanda ya fito a 1902.

Wani tsohon soja da ya dawo daga Indiya ya bar wa wani dattijo da matarsa da ɗansu guda busasshen hannun biri, wanda aka ce yana biyan bukata uku, ya kuma gargaɗe su da su ƙone shi. Dattijon ya roƙi fam 200 don ya biya bashin gidansa. Kashegari sai ga manzo daga masana'antar da ɗan ke aiki: inji ya kama yaron ya mutu, kamfani kuma ya aiko da kuɗin ta'aziyya, fam 200 daidai. Bayan kwana goma uwar ta matsa wa mijin ya roƙa ɗansu ya dawo. Can cikin dare sai aka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Uwar na kokawa da sakata, uban kuwa, wanda shi ya ga yadda inji ya yi da gawar, yana lalube cikin duhu yana neman hannun birin don ya yi roƙo na uku. Da ƙofa ta buɗe babu kowa, sai fitilar titi.

Marubucin bai nuna abin da ke bayan ƙofar ba ko sau ɗaya. Mai karatu ne ke zana shi a zuciyarsa, kuma abin da mutum ya zana wa kansa ya fi wanda wani zai zana masa muni. Wannan ita ce ma'aunin da ɗalibi zai iya rarrabe littafin kirki da na banza. Kasuwa cike take da littattafan da ba su da kome sai jini da yankan nama shafi bayan shafi, waɗanda ke tayar da zuciya a manta da su kafin gari ya waye.

MARUBUTAN ZAMANI

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutane sun ga abin da talakawa masu bin umurni za su iya aikatawa, labaran ban tsoro kuma suka sauya. A watan Yuni na 1948 mujallar The New Yorker ta buga The Lottery na Shirley Jackson. Wani ƙauye ne na Amurka mai mutum wajen 300, rana ta fito sarai, jama'a sun taru a dandali suna raha, za a jefa ƙuri'ar shekara-shekara. Yara suna tara duwatsu. Wata matar aure ta ciro takarda mai baƙin ɗigo, nan take maƙwabtanta suka rufe ta da jifa, har an miƙa wa ƙaramin ɗanta 'yan tsakuwoyi. Babu aljani, babu fatalwa, sai al'adar da aka manta dalilinta amma ba wanda ya iya cewa a bari. Wasiƙun fushi suka yi ta kwarara ofishin mujallar, waɗansu suka daina sayenta.

Wanda ya fi kowa suna a wannan fanni a yau shi ne Stephen King, wanda aka haifa a 1947 a jihar Maine ta Amurka. Malamin makarantar sakandare ne mai ƙaramin albashi lokacin da ya fara rubuta Carrie. Ya jefa shafukan farko a kwandon shara, matarsa ta tsamo su ta ce ya ci gaba. Littafin ya fito a 1974, yana ba da labarin yarinyar da 'yan ajinsu suka wulaƙanta har ta hallaka garin. A The Shining na 1977, wani malami da aka kora daga aiki, mai fama da giya da zafin zuciya, ya karɓi aikin kula da wani otal a kan duwatsun Colorado a lokacin hunturu, ƙanƙara ta rufe hanya, shi da matarsa da ɗansa. Otal ɗin yana da fatalwowi, amma da raunin da mutumin ya shigo da shi suka yi aiki. King da kansa ya sha faɗin cewa ya yi fama da shaye-shaye a shekarun nan. A Pet Sematary na 1983 kuwa ya koma kan tambayar hannun biri: likita ne da babbar mota ta take ɗansa, ya san wata maƙabarta da ke mayar da matattu, an gargaɗe shi, bai ji ba.

Fannin bai tsaya a Turai da Amurka ba. A Masar, wani likita mai koyarwa a jami'ar Tanta, Ahmed Khaled Tawfik, ya fara jerin ƙananan littattafan Ma Wara' al-Tabi'a a 1993, ya rubuta kimanin 80, matasan Larabawa da yawa kuma da su suka koyi son karatu. Ya rasu a 2018. A Iraƙi, Ahmed Saadawi ya fitar da Frankenstein a Bagadaza a 2013, ya ci babbar lambar ƙagaggun labaran Larabci a 2014. A cikinsa wani dillalin tsofaffin kaya ne ke tsintar gaɓoɓin waɗanda bama-bamai suka tarwatsa bayan mamayar Amurka ta 2003, yana ɗinke su wuri guda don a sami cikakkiyar gawar da za a yi wa sutura. Gawar ta tashi ta shiga ɗaukar fansar masu gaɓoɓin. Amma gaɓoɓin suna ruɓewa, tana bukatar sababbi, har ta kai ga kashe marasa laifi don ta ci gaba da abin da take kira adalci. Haka kuma Nuzo Onoh, haifaffiyar Inugu mazauniyar Ingila, wadda ke gina labaranta a kan al'adun Ibo, ta karɓi lambar girmamawa ta Bram Stoker a 2023.

ME AKE SAMU?

Akwai iyaye da malaman da ke ganin wannan karatu ɓata lokaci ne, ko ma koyar da camfi. Maganarsu tana da gaskiya ta wani gefen. Littafin da aka rubuta don manya bai dace da yaron firamare ba, kuma wanda tsoro ke hana shi barci ba dole ba ne ya karanta. Amma marubucin ƙagaggen labari ba ya neman a gaskata da dodonsa, kamar yadda tsohuwa mai tatsuniya ba ta neman a gaskata cewa Gizo ya yi magana da Sarki.

Likitoci sun bayyana cewa idan mutum ya tsorata jikinsa yakan saki wani sinadari mai suna adiranalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya ƙaru, don shirin gudu ko faɗa. Mai karatu yakan ɗanɗani wannan yana zaune a kan tabarmarsa, ya san ko yaushe yana iya rufe littafin. A wannan zaman lafiyar ne yake samun damar duban abubuwan da ba a son zancensu da rana, kamar mutuwar ɗa, da kwaɗayin da ke zama mabuɗin wahala, da ilmin da ba a haɗa shi da alhaki ba. Ɗalibin kimiyya da ke jin muhawarar da ake yi yau a kan injuna masu ƙwaƙwalwa da sarrafa ƙwayoyin halitta zai ga cewa 'yar shekara 18 ta riga ta yi tambayar tun 1816: wanda ya ƙera abu, ina iyakar haƙƙin da ke wuyansa?

Ga mai son farawa, gajerun labarai sun fi sauƙi, domin Turancin ƙarni na 19 yana da nauyi kuma Dracula dogo ne. Labarin Poe da na Jacobs da na Jackson kowanne ana iya gama shi a zama guda, daga nan a wuce zuwa Jekyll da Hyde, sa'an nan Frankenstein. Yana da kyau a san shekarar da aka rubuta littafi da abin da ke damun mutanen lokacin, kuma kada a ɗauka ganin majigi ya wadatar, domin masu shirya fim sukan ƙara wa dodo girma su rage wa mutum laifi. Littattafan Shelley da Poe da Stevenson da Stoker duk haƙƙin mallakarsu ya ƙare, ana samunsu kyauta a intanet, kuma duk mai hannu a fassara yana da ikon mayar da su Hausa ba tare da neman izinin kowa ba. Wannan aiki ne da ya kamata sassan koyar da harsuna na jami'o'i da kamfanonin ɗab'i su duba.

Idan mai karatu ya kai shafin ƙarshe, gabansa ya daina faɗuwa, sai ya koma baya ya nemi wurin da aka yi gargaɗi aka ƙi ji, ko aka ga gaskiya aka yi shiru. Galibi zai same shi tun a farkon littafin, da rana tsaka, a hannun mutum mai hankali wanda ke ganin yana da kyakkyawan dalili.